Carriers at War na 1984: rahoton bogi laifin wasan ne ko haka yaƙin teku yake?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo a kan wasan nan da Malam Sambo ya daɗe yana yabo, Carriers at War, wasan yaƙin teku na Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi wa tsohuwar kwamfutar Commodore 64. Na ɗora shi a manhajar VICE mai kwaikwayon wannan kwamfutar, na ɗauki ɓangaren Japan a yaƙin Tekun Koral. Da asuba na watsa jiragen leƙen asiri, can sai rahoto ya shigo cewa an hango jirgin dakon jiragen sama na Amurka ta kudu. Nan take na kwashe abin da ke kan jiragen dakona, Shokaku da Zuikaku, na tura. Da suka isa me za su tarar? Tankar mai da ɗan jirgin rakiya. Kafin su dawo a sake ɗura musu mai rana ta yi nisa, abokan gaba kuma sun san inda nake. To ina tambaya, wasan da zai ba ka labarin ƙarya da bakinsa sannan ya hukunta ka don ka gaskata, ina adalci a nan? A dara duk 'ya'yan abokin karawarka a gabanka suke, in ya cinye ka ka san basira ya fi ka. Wannan kuwa ai ya koma caca.

Nura Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ka karanta littafin da ke zuwa da wasan kuwa? Wasannin wancan zamani rabinsu a takarda yake. Babu wanda zai fito a allo ya koya maka.

Ɗan Birni: Na karanta, Yaya Nura. Na san yadda ake tashin jirage da saukar da su. Maganar rahoton ce ta tsaya min a rai.

Malam Sambo: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, abin da ya same ka shi ne ainihin abin da ya sami Japanawa ranar 7 ga Mayu, 1942, kusan babu ragi. Masu leƙen asirin Shokaku suka aiko cewa sun ga jirgin dako da kuruza, wato babban jirgin yaƙi mai igwa. Aka tashi jirage 78. Suna isa sai ga tankar mai Neosho da jirgin rakiya Sims. Suka nutsar da Sims, suka yi wa Neosho kaca-kaca, ta yi kwana huɗu ruwa na yawo da ita kafin a zo a kwashe waɗanda suka rage da rai. A wannan safiyar dai Amurkawa ma suka faɗa irin wannan rami. Nasu ɗan leƙen ya yi kuskure wajen haɗa saƙon sirri, saƙon ya fita da cewa jiragen dako biyu ya gani, alhali ba su ba ne. Kwamandansu Fletcher ya tura jirage 93 daga jiragen dako Lexington da Yorktown. Sa'ar da suka yi ita ce an hango ƙaramin jirgin dako Shoho ba nisa da wurin, suka karkata kansa suka nutsar da shi.

Ka sa kanka a mazaunin wannan matuƙin. Sa'o'i yana tafiya bisa ruwan da babu alama ko ɗaya a kansa, gajimare ya rufe ƙasa, sai ta wata 'yar kafa ya hango wani abu dogo shimfiɗaɗɗe yana jan farin kumfa a bayansa. In ya matsa kusa don ya tabbatar, jiragen kariya za su far masa, shi kuma nasa jirgin ba gudu gare shi ba. Abin da aka turo shi nema jirgin dako ne, tun dare ake nanata masa. To idonsa zai nuna masa jirgin dako. Roger Keating da Ian Trout, mutanen Ostareliya da suka kafa kamfanin SSG a Sidni, wannan suka ɗauka suka mai da shi ƙashin bayan wasan a 1984. Ba su manta da gyara wani abu ba, da gangan suka yi.

Ɗan Birni: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, na yarda tarihi ne. Amma ba duk abin da ya faru a tarihi ne yake daɗin wasa ba. Sojan ruwa na kwana arba'in bai ga kowa ba, shi ma sai a sa mu zauna kwana arba'in?

Malam Sambo: Tambayarka tana kan hanya. Bambancin shi ne zaman kwana arba'in ba ya neman shawara daga gare ka, rahoton da ba ka tabbatar da shi ba kuwa shawara ce tsantsa. Bari in zayyana maka abin da ke hannunka a wannan lokacin. Kana iya tura kowa da kowa, kamar yadda ka yi. Kana iya jiran rahoto na biyu, domin sau da yawa in mai leƙen ya ci gaba da bibiyar ayarin, labarin yakan canza. Kana iya duba wurin da aka ce an gan su ka tambayi kanka, jirgin da jiya aka hango a can, da gudun da yake iya yi, zai iya kawowa nan kafin wayewar gari? Kana iya tura rabi ka riƙe rabi. Kowanne da kuɗinsa. In ka jira, jiragenka na zaune cike da mai da bam a cikin jirgin dako, kuma babu lokacin da ya fi wannan haɗari, bam ɗaya ya isa ya tayar da gobarar da ba za a iya kashewa ba. In ka raba biyu, kowane rabi yana iya kasa keta kariyar abokan gaba. A caca babu abin da iliminka zai ƙara. A nan kuwa wanda ya iya auna rahoto zai riƙa cin wanda bai iya ba, ko da wani lokaci sa'a ta juya masa baya.

Abban Sadiq: Ni fa gaskiya ina bayan Ɗan Birni, amma ta wata fuskar. Matsalata da Carriers at War ita ce babu abin da hannuna yake yi. Jerin umarni ne, ka zaɓa, ka danna, ka jira. Ku gwada Silent Service na MicroProse, wanda Sid Meier ya yi a 1985. Kai ne kyaftin ɗin jirgin ƙarƙashin ruwa, kai za ka leƙa ta madubin hange, ka daidaita, ka saki tofido, wato makamin da ke tafiya cikin ruwa, sannan ka nutse kana jin ƙarar jiragen rakiya suna nemanka. Nan ne zuciya ke bugawa.

Nura Mai Gyara: Abban Sadiq, ai shi ma Silent Service yana da tofido maras tashi in ka kunna wannan zaɓin. Ka yi saiti daidai, ya daki jirgi, shiru. Haka Amurkawa suka sha fama da tofidonsu Mark 14 har zuwa cikin 1943. Me ya sa wannan bai dame ka ba?

Abban Sadiq: Saboda a can ina da makunni. In na ga dama in kashe shi. Kuma ko ya ƙi tashi da idona na gani. A Carriers at War jirage su tashi su ɓace, sai rubutu ya zo maka daga baya.

Malam Sambo: Haka kwamandan yake, Abban Sadiq. Yaƙin Tekun Koral shi ne na farko a tarihi da manyan jiragen ɓangarorin biyu ba su ga juna ba, ba su harbi juna da igwa ba. Daga lokacin da jirgi na ƙarshe ya bar doron Yorktown, Fletcher ba shi da sauran iko a kan abin da zai faru a can. Agogo kawai yake kallo. A wasan ma agogon minti biyar-biyar yake tafiya, da umarnin nan na Run 5 wanda daga baya mujallar kamfanin ta ɗauki sunansa. Ni a wurina babu inda zuciya ke bugawa kamar tsakanin tashin jiragenka da isowar labari, kana dannawa minti biyar na wucewa, ba ka sani ba ko nasu jiragen sun riga sun wuce naka a hanya suna tahowa. Ban raina Silent Service ba, wasa ne mai kyau. Aikin kyaftin yake koya maka, wannan kuwa aikin wanda ke sama da kyaftin.

Maman Ilham: Sallama gare ku. Ina bin zancen tun ɗazu, kuma da yake tarihi nake koyarwa bari in sa baki a kan abin da Malam ya ce game da jira. Babu misalin da ya kai na Nagumo, kwamandan jiragen dakon Japan, a tsibirin Midway, 4 ga Yuni, 1942. Da asuba ya tura jirage 108 su kai hari tsibirin, ya riƙe sauran da makaman yaƙar jiragen ruwa ko da Amurkawa za su ɓullo. Da ƙarfe 7:15, ganin babu labarin kowa kuma an ce tsibirin na buƙatar hari na biyu, ya ba da umarni a sauke tofido a ɗora bama-baman ƙasa. Minti goma sha uku bayan haka jirgin leƙen asiri na kuruza Tone, wanda ya makara da kusan rabin sa'a wajen tashi, ya aiko cewa ya ga jiragen ruwa goma. Bai ce da jirgin dako a ciki ba. Sai wajen 8:20 ya ƙara da cewa akwai wani abu mai kama da jirgin dako a bayansu. A daidai lokacin kuma waɗanda suka je Midway sun kusa dawowa, mai ya kusa ƙare musu, dole a ba su wurin sauka. Yamaguchi, kwamandan da ke kan jirgin dako Hiryu, ya ba da shawarar a tashi da abin da ke akwai ba tare da ɓata lokaci ba. Nagumo ya zaɓi ya saukar da mutanensa tukuna ya shirya hari cikakke. Da misalin 10:20 zuwa 10:30 masu kifowa da bam daga jiragen dakon Amurka Enterprise da Yorktown suka faɗo wa jiragen dakon Japan Kaga da Akagi da Soryu. Hiryu ya bi su da yamma.

Shekara da shekaru ana zagin Nagumo a littattafai. Amma duk ɗalibin da na zaunar na ba shi labarin daki-daki, ina tsayawa a 7:28 in ce to me za ka yi, sai ka ga ya yi shiru. Shi ya sa nake ganin darajar wasa irin wannan. Littafi yana ba ka ƙarshen labari tun kafin ka fara, wasan kuwa yana mayar da kai inda ba a san ƙarshen ba.

Ɗan Birni: Anti, a nan ne ma nake da wani ƙorafin. Ai mun san ƙarshen. Duk wanda ya ɗauki Japan a Midway ya san Amurkawa na laɓe ta arewa maso gabas. Ba zan ɓata lokaci a kan tsibirin ba, can zan tura masu leƙe. To ina rashin sanin da ake ta yabo?

Maman Ilham: Wannan gaskiya ne ƙanena, kuma ciwo ne da duk wasan tarihi ke fama da shi. A ɓangaren Amurka abin bai yi muni ba, don Nimitz, babban kwamandansu a Tekun Pasifik, ma ya san da zuwan Japanawa. Mutanen Rochefort, masu fasa saƙon sirri a Hawai, sun fasa wani ɓangare na saƙonnin sirrinsu, har suka sa Midway ta aika saƙon cewa injin tace ruwanta ya lalace, sai ga Japanawa na sanar da junansu cewa wurin da suke kira AF na fama da ƙarancin ruwa. Saboda haka in ka ɗauki Amurka da sanin da kake da shi, ba ka yi nisa da gaskiya ba. A ɓangaren Japan ne kake da abin da Nagumo bai taɓa samu ba.

Malam Sambo: Kuma masu wasan sun hango wannan. Ban da yaƙe-yaƙe shida da ke ciki, wato Pearl Harbor, Tekun Koral, Midway, Gabashin Solomon, Santa Cruz da Tekun Filifin, sun haɗa da kayan ƙira, yadda kowa zai iya shiga ya sauya wurin da ayari zai fara, ya ƙara jirgi ko ya rage, ko ya gina nasa yaƙin daga tushe. Lokacin da nake karatu a Ingila ni da wani abokina haka muke yi. Shi zai sauya nawa ba tare da na gani ba, ni in sauya nasa. Ka ɗauki Midway ka saka Shokaku da Zuikaku a ciki, waɗanda a gaske ba su je ba saboda ɗaya ya sha bam a Tekun Koral ɗayan kuma ya rasa matuƙa da yawa. Ko ka cire Yorktown, ka ɗauka ma'aikatan Pearl Harbor ba su iya gyara shi cikin kwana uku ba. Nan take abin da ka haddace a littafi ya daina yi maka amfani.

Ummi: Ni sabuwa ce a harkar nan, ku yi haƙuri da tambayata. Kwamfutar ba ta satar kallo? Ai ita ke riƙe da taswirar duka, ta san inda kowa yake.

Malam Sambo: 'Yata, abin da idona ya gani zan faɗa miki. Na sha ganin ta afka wa ƙananan jiragena da dukan ƙarfinta alhali manyan na gefe cikin hadari ba ta taɓa su ba. Mai satar kallo ba zai yi haka ba. SSG dama a kan wannan suka yi suna, abokin karawa na kwamfuta mai ba da wahala, tun daga wasansu na farko Reach for the Stars a 1983. Ki tuna kuma cikin kilobait 64 aka cusa duk wannan, taswira da yanayi da ayari-ayari da tunanin abokin gaba, a kan na'urar da gudunta bai wuce megahaz ɗaya ba.

Ummi: Na gode Baba. Na gwada a waya amma kibod ɗin ya hana ni sakat.

Nura Mai Gyara: Waya ba za ta yi miki ba, wasan kibod ne daga farko har ƙarshe. Ki samu laftof ko tsohuwa ce. A VICE ki bar cikakken kwaikwayon 1541, wato na'urar karanta faifai ta Commodore, a kunne, wasu tsofaffin wasannin ba sa tashi in an kashe shi. Zai yi jinkiri wajen lodi, haka na'urar take tun asali, sai ki kunna saurin gudu har ya gama sannan ki mayar. In kuma jerin umarnin ya yi miki yawa, akwai sabon zubin da suka fitar a 1992 na DOS, tsohon tsarin kwamfutocin PC, da linzami ake yin sa kuma hotunansa sun fi kyau, yana tashi a DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, lafiya lau.

Alhaji Babba: Salamu alaikum. Ni ba ɗan wasa ba ne, jikana ne ya sa ni a wannan zaure saboda tsofaffin rediyo da nake tarawa. Amma akwai abin da ke damuna tun da na fara karanta ku. Kuna cewa an nutsar da wannan, an ƙona wancan, kamar ba mutane ne a ciki ba. Mahaifina yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa yaƙi a ƙasar Bama (Burma). A jirgin ruwa aka tafi da su, makonni suna kan teku, kuma har ya bar duniya in ya tashi ba da labari ya fi daɗewa a kan tsoron ruwan nan fiye da dajin. Da dare ba a kunna ko ashana a waje, kowa da rigar iyo a jikinsa yake kwana. Yaƙin nan da kuke wasa da shi, da Japanawan nan dai iyayenmu suka gwabza. Shin ya dace a mai da shi abin nishaɗi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Tsoronsa yana da dalili. A ranar 12 ga Fabrairu, 1944 jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya nutsar da jirgin jigilar sojoji Khedive Ismail kusa da tsibiran Maldibs, mutum sama da 1,200 suka mutu, mafi yawansu sojojin Gabashin Afirka ne da ake kaiwa fagen. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda 'yan Arewa suke da yawa, wannan tekun suka ratsa zuwa Indiya a 1943 da 1944. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna daga wuraren da suka yi yaƙi a Bama aka samo su, amma yara nawa ne suka san haka yau?

Ba zan ce maka tambayar ba ta da nauyi ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne wasanni iri biyu ne. Akwai wanda kisa ne adonsa, jini da ƙara da tafi. Akwai kuma irin wannan da babu abin kallo a cikinsa sai lissafi da nauyin shawara. In ka tura ayarin jirage nesa da abin da mansu zai iya, da yamma za ka ga adadin da ya dawo, kuma ka san kai ka aike su. A Midway ayarin masu tofido na jirgin dakon Amurka Hornet jirage 15 ne suka tafi babu kariya, babu ko ɗaya da ya dawo, cikin mutum 30 ɗaya ne ya rayu. Japanawa sama da 3,000 suka mutu a wannan yaƙin, Amurkawa 307. Yaron da wasa ya kai shi ga neman waɗannan alƙaluma ya fi kusa da fahimtar abin da Baba ya gani fiye da wanda bai taɓa jin labarin ba.

Alhaji Babba: Na ji bayaninki Malama, Allah ya yi albarka. Zuciyata dai ba ta gama kwanciya ba. Amma in har zai sa yaran su tambayi abin da ya kai kakanninsu Bama, to ba zan hana jikana ba. Ku dai riƙa tunawa da rayuka ne.

Malam Sambo: Allah ya gafarta wa mahaifinka Alhaji. Maganarka abin riƙewa ce, kuma ta tuna min da yaƙi na ƙarshe a faifan. Ranar 20 ga Yuni, 1944 a Tekun Filifin, sai da la'asar sakaliya aka gano ayarin Japan, can ƙarshen nisan da jiragen Amurka za su iya zuwa su dawo. Kwamandan jiragen dakon Amurka Mitscher ya san in ya tura su cikin duhu za su dawo, da tankunan da suka kusa bushewa, kuma yawancin matuƙan ba su saba sauka da dare ba. Ya tura. Suka nutsar da jirgin dako Hiyo. A hanyar dawowa kimanin jirage 80 suka salwanta, wasu mai ya ƙare suka faɗa ruwa, wasu suka tarwatse wajen sauka. Shi ne ya ba da umarni a kunna fitilun ayarin gaba ɗaya duk da haɗarin jiragen ƙarƙashin ruwa, don yaransa su ga hanya, kuma an tsamo mafi yawan waɗanda suka faɗa. Duk lokacin da rahoto ya zo min da yamma a wasan, sai na duba lokacin faɗuwar rana kafin in duba komai.

Ɗan Birni: To Malam, na ji duka. Har yanzu ina nan a kan cewa wasan da aka cire sa'a daga cikinsa ya fi auna basira. Amma na yarda akwai wata basirar daban da wannan yake nema. Abin da zan riƙa yi shi ne in adana wasan kafin in tura hari, in rahoton ya zama na bogi in koma baya.

Abban Sadiq: A'a, wannan kam ko ni da ba na son wasan ba zan goyi bayanka ba. In za ka koma baya duk lokacin da aka yaudare ka, ka cire abin da ya sa ake yin sa. Gara ka zo mu yi Silent Service.

Nura Mai Gyara: Wajen koyo babu laifi. A adana, a gwada hanya biyu, a ga bambanci. Amma in karawa ce ta gaske, hannu ɗaya ake yi.

Malam Sambo: Na yarda da Nura. Ga shawara. Ɗan Birni ya ɗauki Japan, Abban Sadiq ya daure ya ɗauki Amurka, a yi Santa Cruz na Oktoban 1942, inda Hornet ya nutse amma Japanawa suka yi asarar ƙwararrun matuƙan da ba su iya mayar da gurbinsu ba. Ni zan shiga kayan ƙira in ɗan motsa wuraren farawa, ba zan faɗa wa kowa ba. Kuma in Allah ya yarda a kan na'urar gaske za a yi. Commodore ɗina na nan a kwali da faifansa da komai, tun dawowata ban rabu da shi ba. Gobe zan fito da shi in jona in ga ko yana tashi.

Nura Mai Gyara: Don Allah Malam kada ka jona! Wannan baƙin tubalin mai ba shi wuta shi ne ke kashe su. In ya tsufa, layin bolt 5 ɗinsa yakan haura sama, ya soya ƙwaƙwalwar na'urar cikin ɗan lokaci, kuma a cike yake da ƙaro ta ciki, ba ya buɗuwa balle a gyara. Ka bari in zo da mita in auna shi shi kaɗai tukuna. In ya wuce ƙa'ida sai mu haɗa sabo. Faifan ma kada ka saka. Ka zaro su daga riga ka juya su a haske, in ka ga tabo fari-fari ko toka-toka a jikin baƙin, fumfuna ce, za ta ɓata kan na'urar karatun. Ina da Pi1541 da na haɗa, daga katin waya yake karantawa kuma yana kwaikwayon 1541 sosai, da shi za mu yi amfani mu bar na asalin su huta.

Malam Sambo: To madalla, na fasa. Ba zan taɓa komai ba sai ka zo.

Abban Sadiq: Na amince da Amurka, da sharaɗi ɗaya. Lokacin da nake ba da umarni Ɗan Birni ya fita tsakar gida, ba juya baya kawai ba.

Ɗan Birni: Na yarda, kai ma haka. Kuma babu komawa baya ga kowa.

Ummi: Ni da Anti Maman Ilham za mu iya zuwa kallo? Ina so in ga yadda ake watsa masu leƙen asirin, a nan nake ruɗewa.

Malam Sambo: Ku zo 'yata, Hajiya na gida. Asabar bayan la'asar. Nura, kai ka riga su da awa ɗaya saboda awon wutar, kuma ka taho da wayar da za ta haɗa shi da talabijin, tawa ɓera ya cinye ta.